Babban Yatsan Baba

Daren Laraba, Sule Tankarkar

Yau na kai Baba garin Gumel a babur, don an ce an sauƙaƙa wa tsofaffin sojoji takardun fansho: shafi ɗaya, sai dangwala yatsa a na'ura. Har na yi murna.

Sau bakwai yana ɗora yatsan, na'urar tana ƙi. Ma'aikacin ya ce, "Baba, zanen ya goge, sai dai ku je Dutse ran Litinin." Fartanya ce ta cinye shi, noman da ya koma tun da haƙƙinsa ya maƙale.

Bai yi faɗa ba. Ina ma ya yi.

Ɗazu na leƙa zaure, na tarar da shi yana shafa wa yatsan man kaɗanya. Ya ce, "Habu, ko zai dawo kafin Litinin?"