Ni na sa wa famfon wanke ido kwaɗo

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Admin ka ɓoye sunana, mutanen wurin aikinmu da yawa suna nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, mai wa'azi kuma ya huta, wanda na yi wa kaina ya isa.

Shekarata arba'in da bakwai, mutumin ƙasar Anka ne, boko aji uku na sakandare na tsaya. Ina aiki wani kamfanin wankin zinari tsakanin Anka da Bukkuyum, ni ne babba a ɗakin asid, inda ake dafa zinari a fitar da dattinsa. Wanda ya ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Dareta ba a koya mashi tsoron wanga aiki.

Bara anka ce masu duba wuraren aiki za su zo, sai ga manaja da kaya niƙi-niƙi. Safar hannu, tabarau, takunkumi irin na korona wanda hayaƙin asid ke ratsawa kamar ba ka sa komai ba, da wani famfo mai baki biyu da tankinsa sama, wai in asid ya shiga ido ka danna ka kafa fuska, ruwa ya yi ta zuba minti goma sha biyar ba tsayawa. Tun ranar na ce wa raina don baƙi anka sawo kayan nan, ba don mu ba.

To ruwa wurinmu wahala ne, na rijiya ja, na tankin nan kuwa fari tas. Sai kowa ya maishe shi wurin alwala. Azahar da la'asar layi ne da butoci, har mai shayin bakin ƙofa yana ɗiba. Sau uku ina dannawa ba ko ɗigo. Na yi faɗa, wani ya ce ko salla zan hana mutane. Na roƙi manaja a kawo durom na alwala daban, ya ce to, shiru kake ji. Haushi ya sa na sayi kwaɗo kasuwar Bukkuyum na rufe hannun famfon, makulli ɗaya aljihuna, ɗaya na ba manaja. Ya karɓa, har ya ce na yi dabara.

Talatar makon jiya na tafi jana'izar ƙanen Innarmu da makulli cikin aljihu, wallahi ban tuna ba. Abokin aikina, mutumin Gummi, shekara tara muna ci kwano ɗaya, yana juye asid jarka ta kuɓuce mashi, asid ya fantsam mashi a fuska. Tabarau ya yi gumi ya ɗaga shi goshi, yadda kowanmu ke yi. Sunka ja shi famfo, kwaɗo. Anka nemi manaja, wai ya fita. Kafin a samo guduma a fasa kwaɗon, buta biyu kaɗai sunka zuba mashi, wani ma yana cewa a sa manja. Idon dama ya tafi, na hagu likita ya ce sai yadda Allah ya yi. Yara bakwai gare shi.

Da na dawo, kwaɗon babu ko guntunsa, an share wurin, tanki cike. Mai gadi ya raɗa mini motar manaja na nan ciki lokacin, yanzu kuma in na tambaya sai ya ce bai tuna ba. Mutum biyun da sunka fasa kwaɗon an maishe su wani ramin haƙar zinari can wajen Yargalma. Shekaranjiya manaja ya kira ni ofis yana ta ce mini Baba, mutumin da bai taɓa gaishe ni ba. Ya aje takarda da Turanci, wai in sa hannu cewa famfo a buɗe yake, abokin nawa ne ya ƙi sa tabarau. Ya ce rufa mini asiri zai yi, tunda kowa ya san wa ya sawo kwaɗo. Na tambayi nashi makullin, ya kalle ni ya ce wane makulli. Na ce in ɗauki hoton takardar a karanta mini, ya maida ta durowa. Mi ke cikinta da ba ya son wani ya gani?

In na sa hannu kamfani zai zare hannu daga maganinsa, kuma ina zargin sunana ne a ciki matsayin mai laifi. In na ƙi, ni kaɗai za a ɗora wa, aiki ya tafi, ƙila har da 'yan sanda. Alhaji mai wurin kuwa kawun manaja ne.

Jiya na je asibiti. Abokin nawa ya lalubo hannuna, bai ambaci wanda ya rufe famfon ba ko sau ɗaya, ya ce, Yaya, ka dai faɗa masu a rufe yake.

Manaja ya ba ni zuwa Litinin. Jama'a, in faɗi, ko da ni zai ci? In kuwa zan faɗa, gaban wa zan fara, da ba za a binne maganar kafin in rufe baki ba?