Na Hana Ƙanena Waƙa a Cikin Rijiya

Ƙanena ya mutu a cikin rijiya, igiyarsa tana hannuna.

Salamu alaikum. Ku ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni sai kun ji ƙarshe. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Mai rubuta wasiƙa a kasuwar Tanout na ba labarin, bai san ni ba.

Haƙar rijiya muka gada, ni da ƙanena Auta. A aikinmu wanda ke ƙasa ba ya yin shiru. Waƙa yake yi, don na sama ya san akwai sauran iska. Da waƙa ta tsaya sai a ja igiya, ba tambaya. Ni waƙar noma nake yi, ta maza. Auta guda ɗaya ya iya, wadda Inna ke yi wajen niƙa, ta kurciyar da ta ɓace wa gida. Na tsani waƙar nan. Ita Inna ke yi mana shekarar yunwa, tana niƙa dusa.

Bara da bazara muna yashe wata rijiya mai zurfi a arewacin Belbeji. Auta yana ƙasa, makiyaya sun taru da dabbobinsu suna jiran ruwa. Ya fara kurciyarsa da siririyar muryar nan tasa. Wani makiyayi ya ce, "Maigida, amarya ka saukar mana?" Aka fashe da dariya. Na leƙa na ce, "Kai, raba mu da waƙar matan nan!" Ya ce, "Yaya, ban iya wata ba." Na ce, "To yi shiru." Ya yi shiru. Auta bai taɓa yi mini musu ba. Ni da na fi kowa sanin abin da shiru ke nufi a rijiya, me ya tsayar da ni ina hira? Dariyar baƙi ce ta fi ran ɗan'uwana? Da na girgiza igiya, ba a girgizo ba. Muka jawo shi, ya riga ya cika.

A gida Inna abu ɗaya ta tambaya. "Yana waƙa?" Na ce, "Yana yi, Inna, har ƙarshe." "Wacce?" "Taki." Ta ce, "Alhamdulillahi, bai tafi cikin tsoro ba."

Yanzu idonta ya tafi, jiki ya ƙi. Kullum da safe sai ta ce, "Kai ka ji shi ƙarshe, yi mini yadda ya yi." Sai in yi. Tana kuka, tana sa mini albarka. Kunyar albarkar nan ta fi mini duka.

Na bar haƙa. Ina ƙauyenmu kusa da Gangara ina jinyarta, kuma kwanakinta ba su da yawa. In na faɗa, na ƙwace abin da take riƙe da shi. In na yi shiru, ta tafi ba ta yafe mini ba, don ba ta san akwai abin yafewa ba.

Me zan yi?