Na ba da irin geron Babana na karɓi piyano

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana da na ƙauyenmu, ya isa a ce ni mutumin wajen Kurawa ne, kuma sunayen da zan ambata duk na sauya su. Don Allah kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe. Zagin ma ba sabo ba ne a wurina, babu irin wanda ban yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Ni ɗan kabu-kabu ne, ina da mata da 'ya'ya biyu, muna zaune gida ɗaya da mahaifina, gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke ci. Ba na shan komai, ba na caca, ba na bin mata. Cutata guda ce, piyano. Tun ranar da na ga wani yana kaɗa ta a wani biki a Sabon Birni, yatsa ɗaya ya taɓa sai ga ganga, ya taɓa wani sai ga sarewa, na rasa sukuni. Ba mawaƙi nake son zama ba, muryata ko akuya ba za ta tsaya saurare ba. So nake kawai in zauna in taɓa abin nan in ji ya amsa mini. Na cika wayata da bidiyon masu koyarwa, har na zana maɓallan da gawayi a kan wani katako ina danna su a banza, matata tana dariya tana cewa Allah ya sawwaƙe mata mijin da ke yi wa katako susa.

Sai na yi muku bayanin gidanmu kafin ku gane girman abin da na yi. Muna da wani irin gero da Baba ya gada a wurin mahaifinsa. Gajere ne, ba shi da kyan gani, zangarniyarsa ma ba ta kai ta sauran ba, amma yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke a tsakiya shi ya riga ya kama hanya. Duk kaka Baba da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a can ƙuryar rumbu. Ba a taɓa su ko da gidan zai kwana da ruwan zafi. Bara da aka yi fari, mun ci dusa, mun ci tafasa da zogale har bakinmu ya gaji, amma damman nan suna rataye. Maƙwabtanmu da yawa yunwa ta sa sun cinye nasu irin, shi ya sa bana idon kowa yana kan rumbun Baba. Kuma shi ba ya sayarwa. Na sha jin yana cewa, "Wanga iri ba na kasuwa ba na. Kyauta anka ba tsohona, kyauta za ni ba wanda yar rasa."

A cikin bazara na ɗauki wani fasinja daga kasuwar Isa zuwa Kamarawa, bari in kira shi Ɗan Ikko, don can Ikko, wato Legas, ya yi shekaru kafin zama ya gagare shi ya dawo gida. Da muka isa ya ce in shigo in sha ruwa. Ina shiga ɗakin na ga piyano a jingine da bango an lulluɓe ta da tsohon zane. Ya ga yadda na tsaya kamar an dasa ni, sai ya yaye zanen, ya sa mata batura, ya ce in taɓa. Jama'a, na taɓa. Ta hannu ce, maɓalli ɗaya fari na can gefe ya mutu, murfin wurin batura da salatif aka riƙe shi, amma da ta yi ƙara sai da tsigar jikina ta tashi. Na tambayi kuɗinta, na san ba ni da su, na dai tambaya. Ya yi dariya ya ce, "Kai ba ɗan gidan mai gajeren hatcin nan ba na? Ni noma za ni komawa, kuma ƙasag ga ta bar yin ruwa. Kawo man irin tsohonka, ka ɗora ɗan abin da kaka iyawa bisa, ka ɗauke ta." Na ce Baba ba ya sayarwa. Ya ce, "To wa yac ce saye? Musanya ta."

Na yi kwanaki ina kokawa da zuciyata, ba zan yi muku ƙaryar cewa ban san haramun ba ne. Amma Shaiɗan ya iya lissafi. Ya ce mini gero ai gero ne, duk abin da aka binne a ƙasa in Allah ya ba da ruwa zai fito. Ya ce fari biyu ba sa zuwa a jere. Ga shi idon Baba ya yi yana, shekara biyu ke nan ni yake sawa in sauko da damman iri in kai a sussuke. Da lokaci ya yi na sauko da su, aka sussuke, aka sheƙe, ya kusa cika buhu. Na ɗora a babur na ce zan kai a auna. Na wuce Kamarawa kai tsaye. Ɗan Ikko ya tambaye ni, "Tsoho dai ya yarda ko?" Na ce ya yarda, har ya ce a gaishe ka. Wannan ƙaryar ita ce yau ta zame mini igiya a wuya. A hanyar dawowa na tsaya kasuwa na sayi geron ci, irin wanda manyan motoci ke kawowa daga kudu, na juye a buhunmu.

Na san Baba, ko bai gani ba in ya jefa ƙwaya a baki ya tauna zai gane. Saboda haka na sayi jan maganin nan da ake cuɗa iri da shi don kada tururuwa da tsuntsaye su tone, na cuɗe shi tas har ya koma ja wur. Mu a wajenmu binne muke yi, wato a shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jiran ruwan farko, don haka sa magani ba abin mamaki ba ne. Da na kawo Baba ya zura hannu, ya ɗebo, ya kai kusa da baki. Na ce, "Baba, akwai magani, guba ta." Ya mayar, ya goge hannu a riga, ya ce, "Ka yi dabara, ɗana. Allah shi yi ma albarka." Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Washegari maƙwabta suka yi ta shigowa da ƙwarya da kwano, Baba na zaune a kan buzu yana auna musu da tiya, ni ina riƙe da bakin buhu. Har da Gwaggo Hassu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata jikoki, ta durƙusa tana ta yi masa addu'a.

To piyanon fa? Ban isa in kai ta gida ba. Na ajiye ta a shagon wani abokina mai cajin waya a Sabon Birni. Kuma wanda bai taɓa sayen irin kayan nan ba bai san cewa sayen ta shi ne farkon wahala ba. Batura ba sa kwana biyu, sai na sayi adafta. Janaretan shagon ya yi wani tari ya ƙone adaftar, na sayi wata. Mai shago ya ce ina korar masa mutane da ƙara, na sayi abin sawa a kunne. Da na fara iyawa kuma sai na ji sautinta ya yi mini ƙanƙanta, na nemo tsohuwar lasifika da wayarta, daga nan ƙaramin batirin mota da farantin sola. Rairayi ya shiga ƙarƙashin maɓallai suka fara maƙalewa, na koyi kwance ta da sukundireba ina share ta da gashin kaza. Duk abin da babur ya kawo can yake tafiya. Amma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. In rana ta take, fasinja suka yi wuya, sai in shige bayan shago in sa abin kunne, hannun hagu na riƙe da kiɗa, na dama na yawo. Akwai wani ɗan amo da Baba ke yi a maƙogwaro in yana saran shuka da sungumi, ba waƙa ba ce, gunaguni ne kawai mai daɗi. Na bi shi a hankali har na fitar da shi a piyano, na sa masa ganga a ƙasa. Ranar har hawaye na yi. Ku duba rashin kunya, amon mutumin da na yi wa sata nake kaɗawa a kan abin satar.

Ruwa ya sauka a makare, binne ya tsiro, gonarmu ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Kore shar, ganye fala-fala, kara yana ta miƙewa. Na ce alhamdu lillahi, Allah ya rufa mini asiri. Baba ne kaɗai bai yi murna ba. Bayan maimai, wato noma na biyu, ya shiga gona yana shafa karan da hannu, ya tsaya ya ɗaga hannu sama ya ji ganye ya wuce kansa. Ya ce, "Hatcinmu bai taɓa hin kahwaɗata ba. Kuma war haka ya ci a ce ya yi ciki. Mi as same shi?" Na ce wataƙila takin da muka zuba ne. Ya saki karan ya juya gida. Ashe geron da na sayo na ƙasar da damina ke daɗewa ne, shi sai ya gama tsawonsa kafin ya tuna da haihuwa. Kuma a daidai lokacin ruwan ya ɗauke. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi, gobe ma haka. An fita roƙon ruwa, ni ma na fita, na ɗaga hannu tare da mutane, amma da wane baki zan roƙa? Yanzu ganyen ya naɗe, ya fara ƙonewa daga ƙasa, ko zangarniya ɗaya babu. Ba gonarmu kaɗai ba, duk gonar da aka shuka abin da Baba ya auna da hannunsa haka take tsaye, doguwa, ba komai a kanta. A lokacin da yara suka saba gasa tumu, bana kara suke tsotsa.

Abin da ke kashe ni shi ne Baba bai zargi kowa ba, kansa ya zarga. Ya ce idonsa ne ya ci amanarsa, wataƙila bara ya zaɓo zangarniyar da ba ita ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ni na raka shi gidan Gwaggo Hassu. Dattijo mai furfura ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Hassu, ki yahe man, ni na cuce ki da jikokinki." Ta ce, "Haba Malam, ai ba kai ka riƙe ruwa ba." Ina tsaye a bayansa kamar kututture. Tun ranar ya rage cin abinci. Ya ce abin da ubansa ya riƙe a cikin yunwar da ta fi wannan, shi a hannunsa ya mutu. Ni kuma ban ƙara kunna piyanon ba. Na je na yaye zanen sau ɗaya, na ɗora yatsa, sai na ji kamar na taɓa gawa.

Na ɗaure ta a babur da lasifikar da batirin da komai na kai wa Ɗan Ikko, na ce ya karɓa ya ba ni ko dami biyu in ya girbe. Gonarsa na nan bakin hanya, gajeren geronmu ne, ya nuna, kawunan sun sunkuya don nauyi, shi kaɗai a duk karkarar. Ya ce, "Ni mi za ni yi da kiɗi cikin yunwa? Mai da kayanka. Amma tsohonka ya yi man rana, in shina son iri shi taho da kainai, in gode mai, in ɗaura mai dami." Na ce a ba ni in kai masa. Ya ƙi, ya ce mutumin da ya yi masa wannan alheri sai ya gan shi ido da ido. Na nemi mai sayen piyanon a Isa da Sabon Birni, wa zai sayi kiɗa alhali tiyar gero ta gagare shi? Ko an saya ma, ba za ta ciyar da gida ɗaya ba, balle gidajen da na jefa a wannan hali.

Jiya kuma abin da nake tsoro ya faru. Wani mai tallan goro ya gaya wa Baba cewa ya ga gona a wajen Kamarawa da gajeren gero irin namu sak. Rabon da in ga Baba ya yi murmushi tun farkon damina. Ya kira ni ya kama hannuna ya ce, "Ashe bai mutu ba! Wata ƙila tsohona ya taɓa ba wani can. Ran kasuwar Isa ka ɗauke ni bisa babur mu tai, ko zangarniya guda ta in roƙa." Har ya sa an wanke masa babbar rigarsa.

In na kai shi, kalmar farko da za ta fito daga bakin Ɗan Ikko ita ce godiya a kan irin da Baba ya aiko masa, a gabana, a gaban mutane. In na ƙi kai shi, ko na ce babur ya lalace, mutumin zai girbe ya cinye ko ya sayar, irin ya tafi har abada, Baba ya mutu yana ganin shi ya kashe shi. In kuma na faɗa masa kafin mu tafi, ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba, kuma ban san da wane ido zan ƙara kallon Gwaggo Hassu ba. Na yi niyyar in roƙi Ɗan Ikko a waya ya rufa mini asiri, sai na fasa, don in ya san gaskiya gobe duk kasuwa ta sani. Ko ta ina na juya ban ga ƙofa ba.

Rigar tana nan a kan igiya tana bushewa, kasuwa kuma ta matso. Don girman Allah ku gaya mini, ni yanzu mi za ni yi?