Tafintanki Ya Tuba

Zuwa ga Jawahir, sanyin idona, inuwar ɗorawata a tsakiyar rana, ruwan farko da ke sauka a gona bayan manomi ya gaji da ɗaga kai sama. Ke da haƙoranki suka fi sabuwar doyar Mashegu fari, ke da muryarki ta fi zumar da aka ɗebo daga kogon kaɗanya zaƙi, ke da fushinki ma yake da kyau kamar hadarin da ya haɗo ta gabas.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Rahmat, da Iya da ke ta ɗawainiyar wankan jegonki. Allah Ya ƙara miki ƙarfi, Ya raya mana ita.

Yau kwana uku ina kiran wayarki tana ringi har ta gaji ta yi shiru. Shi ya sa na wanke hannuwana da fetur da sabulu, na ture sifanu gefe, na zauna kan bencin gareji da biro. Andarawus direba zai wuce Mashegu ɗaukar doya bayan azahar, shi zai miƙo miki wannan takarda. In kin ga tabo a gefenta, baƙin mai ne, amma ki ɗauke shi a matsayin hawaye, don daga jiki ɗaya suka fito.

Na san laifina. Ƙanwarki Rabi'atu, da yake tana hutun kwaleji a gida, ta turo min saƙo ɗan gajere: "Yaya, asirinka ya tonu. Mun sake kallon fim ɗin matuƙin jirgin ruwa, ni nake karanta mata rubutun ƙasan hoto." Ina cikin kwance injin wani babur lokacin da na karanta, sai na ji kamar ni aka kwance wa noti.

To, bari in faɗa da bakina, ya hasken ɗakina. Shekara biyu ina zama kusa da ke ina fassara miki finafinan ƙasashen waje da muke kallo a manhaja, kuma rabin abin da na faɗa miki daga kaina ya fito. In na ce rabi ma na yi wa kaina sassauci.

Kin tuna Juma'ar farko bayan tarewarki? An sauko daga masallaci, na kulle gareji, kika shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, muka jingina waya da kwanon fura. Kika ce kin gaji da masu fassarar nan da ke ihu a kan fim har ba a jin kukan jaruma. Muka buɗe wani shiri na wata ƙasa mai nisa, suna yarensu, Turanci yana gudu a ƙasan hoto. Wata mata ta ɗaga ludayi ta yi wa wani mutum magana, sai kika juyo da waɗannan idanun naki masu kama da na barewa, kika ce, "Me ta ce masa?"

Jawahir, a aji uku na sakandare na ajiye littafi na ɗauki sifana. Turancina na jikin kwalin kayan gyara ne, kuma shi wannan yana tsayawa wuri ɗaya ya jira ni. Na ƙasan hoto kuwa wucewa yake kamar ƙadangare a kan katanga. Kalma biyu kawai na cafke, "gobe" da "kifi". Amarya ta kwana bakwai tana kallona, yaya zan ce ban sani ba? Sai na gyara murya na ce, "Cewa ta yi gobe in bai zo da kifi ba kada ya tako mata ƙofar gida." Kika yi dariya har kika dafa kafaɗata. Wannan dariyar ce ta ɗaure ni. Wane namiji ne zai ji ta sau ɗaya ya ƙi neman ta biyu?

Tun ranar da saƙon Rabi'atu ya shigo na je na faɗi gaban Malam Jacob, tsohon malamin firamaren nan da nake gyara wa babur ɗinsa mai tari. Kullum bayan la'asar muna zama, yana sa tabarau, muna bin shirye-shiryen da na ɓata miki. Shi yana karantawa, ni ina jin kunya. Jiya ya yi dariya har sai da na ba shi ruwa.

Shirin mai ludayin nan, wadda ke da ɗan gidan abinci a bakin teku, ki sake kallonsa, ya cancanta. Ashe ba masifaffiya ba ce kamar yadda na mai da ita. Mijinta ne ya rasu ya bar mata shagon, duk garin na cewa ta sayar, ita kuma ta ƙi. Mutumin nan mai tabarau da na ce miki wanta ne, ba su haɗa ko kakan kaka ba. Tun kashi na biyu yake son ta. Kin tuna da ya durƙusa ya fito da zobe a kashi na ƙarshe, kika zaro ido kika ce, "Ba ka ce wanta ba ne?" Zufa ta keto min har tafin ƙafa, na ce miki ai ɗan baffanta ne, su ma can suna auren zumunci. Kika gyaɗa kai kika ce Allah Ya ba su zaman lafiya. Ni ma amin na ce, don kaina.

Na likitocin nan kuwa, in ce miki, ban yi nisa da gaskiya ba. Duk inda babban likita ya haɗe rai ya yi dogon bayani, nakan ce miki kabiretar zuciyar mutumin ce ta toshe, ko filoginsa ya jiƙe. Malam Jacob ya ce in aka cire sunayen, kusan hakan suke nufi. Ki kalli zango na farko da na biyu. Na uku kada ki ɓata datarki, sun bar marasa lafiya sun koma soyayya a bayan ƙofa.

Akwai wanda ban ci amanarki a kansa ba, na giwayen nan da ke tafiya neman ruwa a shekarar fari. Wannan ido ya isa. Ki kunna wa Iya shi, na san za ta ce tsohuwar giwar da ke gaba ta fi wasu mutane hankali. Sai dai sunan Hajiya Babba ni na raɗa mata, mai bayanin bai taɓa faɗarsa ba.

Ga wani laifin kuma da Rabi'atu ba ta gano ba, ni na kawo kaina. Shirin Hausan nan mai dogon zango, na malamar makarantar ƙauye da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa birni ta ƙi tafiya, wanda na ce miki ba shi da armashi har muka bar shi a kashi na huɗu. Yana da armashi, ya zinariyata, ya fi da yawa daga na wajen. Abin da ya dame ni shi ne kina kallonsa ba kya juyowa. Kina jin komai da kanki, ni kuma ina zaune kamar tayar da aka cire. Kishin fim na yi! Ki ci gaba da shi daga inda muka tsaya, kashi na shida zai sa ki tafa hannu.

Yanzu na zo kan wanda ya hana ki ɗaukar wayata, kuma a nan ba ni da abin dariya.

Tsohon matuƙin jirgin ruwa da 'yarsa. Mun fara shi wata biyu bayan rasuwar mahaifinki, Baba Saliu, Allah Ya jiƙansa. Kina da cikin wata biyar, abinci ba ya shiga, magana ma sai na roƙa. Ranar da tsohon ya fito a hoto, kika miƙe zaune kika ce, "Dubi yadda yake goya hannu a baya, kamar Baba." Tun daga nan kullum kina jiran in dawo mu kalla, har kika koma cin tuwo. A gareji nake sauke mana kashi-kashi saboda sabis ya fi ƙarfi a bakin titi, sai ranar nan na leƙa kashi na tara kafin in zo gida. Na ga jirgin ya dawo gaɓa babu shi a ciki. Wannan ba ya buƙatar Turanci.

Da muka zauna kallo, na yi ta jan ki da surutu har wurin ya wuce. Da 'yar ta buɗe wasiƙa tana karantawa tana kuka, kika tambaye ni, na ce miki ya sami aiki a wani tsibiri, yana gaishe ta, ya ce ta riƙa cin abinci, kukan kewa ne kawai. Washegari na ce miki kashi na goma ya ƙi buɗewa. Kika yarda, saboda ba ki taɓa zaton zan yi miki ƙarya ba.

Sauran duk girman kai ne, wannan kuwa tsoro ne. Na ga kin fara tsirowa kamar masara bayan ruwa, na ji tsoron kada in sake ganin kin kwanta. Amma Rabi'atu ta ce da kika gama kuka a ɗakin Iya, abin da kika faɗa shi ne, "Da ya bar ni na yi kukan nan tun lokacin." Wannan maganar tana bina har cikin salla. Kuka naki ne, uba naki ne, ni wane ne da zan auna miki abin da zuciyarki za ta iya ɗauka?

Shekaranjiya Malam Jacob ya karanta min wasiƙar tsohon yadda take. Kin riga kin ji ta, amma bari in faɗa don ki san ni ma na ji. Ya rubuta ta tun kafin ya fita. Ya gaya wa 'yar inda ya ɓoye makullin jirgi, ya ce ta fi shi iya tuƙi tun tana shekara goma sha biyar, bai taɓa faɗa mata ba ne don kada teku ta ɗauke masa ita. Malam ya cire tabarau ya goge. Ni kuwa na ga abin da na ƙwace miki, na ba ki "ki riƙa cin abinci" a madadinsa. Ki yafe min, Jawahir. Ba zan ce don ina son ki na yi ba, ko da yake hakan ne, saboda so ba ya wanke wannan.

Ga abin da na ɗauka wa kaina. Zan ci gaba da zuwa wurin Malam Jacob har sai rubutun nan ya rage gudu. Akwai ma wurin da ake dannawa hoto ya tsaya cak, mutum ya karanta a tsanake, shekara biyu yana gabana ban taɓa shi ba don kada ki gane. Yanzu kashi ɗaya yakan ci min awa biyu, amma abin da na karanta nawa ne na halal. In kin dawo, inda na gane in faɗa, inda ban gane ba mu tsayar mu haɗa kai. In kuma kin fi so ki koya da kanki, matar Malam ta ce ƙofarta a buɗe take. Na san cikin wata uku za ki wuce ni, kuma na shirya wa hakan, ko da yake zan ɗan yi kwana biyu ina kumbure-kumbure.

Na ajiye mana sababbin shirye-shirye uku da ban taɓa ba. Akwai na wasu 'yan'uwa mata biyu da suka gaji gonar shayi a kan dutse ba sa ga maciji da juna, akwai na gasar girki da ake ba mutane kayan miyan da ba su taɓa gani ba. Na ukun hotonsa kawai na gani, wata tsohuwa a kan babur da akuya a baya, na ce wannan namu ne ko me suke cewa.

Gidan nan ba ke ya zama fili, ya farin watana. Mangwaro ya nuna yana faɗowa babu mai tsinta. Nakan dafa shayi in zuba kofi biyu, sai in tuna, in shanye duka. Yaushe kwana arba'in suka zama shekara? Wa ya ƙara wa hanyar Mashegu tsawo?

Abu ɗaya ke riƙe da ni. Tunda da suna ɗaya muka shiga manhajar, wayata tana nuna min inda kika tsaya. A na matuƙin jirgin, kin tsaya a ƙarshen kashi na tara. Kwana uku ke nan na goma yana gabanki ba ki buɗe ba. Wataƙila haushi ne ya hana ki, wataƙila Rahmat ce ba ta ba ki sarari ba. Ni dai na zaɓi in yarda jirana kike. Ni ma ban buɗe ba, Malam Jacob ya so mu leƙa na ce masa a'a.

Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan taso da sassafe. Zan tsaya a ƙofar gida in yi sallama kamar baƙo. In kin aiko a ce in shigo, alhamdu lillahi. In ba ki aiko ba, zan gaida Iya, in roƙi a fito min da Rahmat in ɗauke ta, in koma Kontagora, in sake dawowa Juma'a mai zuwa, da wadda ke bayanta. Ba na gajiya, babur ɗin kuwa in ya gaji ni ke gyara shi.

Naki ne ni a damina da rani, naki a ranar dariya da ranar kuka, ba ni da wata sai ke har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Mijinki mai jiran izini,
Abdulfatahi