Takalminka a Ƙofar Coci

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana hutawa a wurin da babu ciwon gwiwa, babu kuma tarin nan da ya wahalar da kai a ƙarshe. Mu nan lafiya ƙalau muke, sai godiya. Iya tana nan Samaru, ta ƙi dawowa wurinmu, wai ba za ta bar kajinta da zumuntar mata ba. Ka dai san halinta. Matata Saratu tana gaishe ka, jikarka Hannatu kuma ta shiga aji uku.

Bayan gaisuwa, Baba, dalilin wannan wasiƙa takalmi ne. Na san za ka yi dariya. Shekara huɗu da rasuwarka, ɗanka malamin makaranta ya ɗauki biro, ya rasa abin da zai rubuto maka sai takalmi. To akwai wata magana tsakanina da kai da ban taɓa buɗe baki na yi ba, kuma abin da ya faru a cocinmu cikin watan nan ya hana ni ci gaba da shiru.

Ka tuna cocinmu na Samaru, ginin ƙasa mai rufin kwano? Idan ruwan sama ya sauko ana tsakiyar wa'azi, fasto sai ya haƙura, mata su ɗauki tuluna da kacau-kacau a yi ta waƙa har ruwan ya ɗauke. Kowace Asabar da yamma, in ka dawo daga gonar gwaji inda kake aikin lebura, sai ka zauna bakin rijiya ka wanke baƙin takalminka na roba da soso da sabulu. Ka wanke shi tas, gari ya waye ka sa shi, mu isa ƙofar coci ka tuɓe, ka jera shi jikin bango ka shiga da ƙafa. Ina yaro abin ya riƙa ɗaure mini kai. Duk wannan wanki don bango ya gani?

Da na tambaye ka, cewa ka yi, “Gidan mai unguwa ma ba na shiga da takalmi, balle gidan Wanda ya halicci mai unguwa.”

Ba ka taɓa tilasta wa kowa ba. Faston kansa da takalminsa yake hawa mumbari, kuma ban taɓa jin ka yi gunaguni ba. A gona ma haka kake. In za ka yi addu'a kafin shuka, sai ka tuɓe a bakin kunya ka durƙusa. Na taɓa tsokanarka, na ce ashe gona ma coci ce. Ka ce, “Ba ƙasar ce mai tsarki ba, Mai ƙasar ne, kuma ban san inda ba nasa ba.”

Sai na girma, na samu aikin koyarwa a Sabon Gari, na kama haya a Muchia, na yi aure. Muka shiga babban coci mai sujada da Turanci, mai fankoki da kibod na kiɗa da janareta, cike da 'yan kasuwa da masu sana'a 'yan kudu da ɗaliban jami'a. Aka sa ni cikin masu tarbar mutane a ƙofa, ina ɗaura laktaye a wuya ina nuna wa manya wurin zama. Kaina ya kumbura, Baba, ba na musu. Har na zo gida ina gaya maka wai sujadar Samaru ta tsufa, kiɗan tulu ba na zamani ba ne. Ba ka ce komai ba sai, “Madalla, ku dai ku riƙa zuwa.”

Ranar da za a miƙa Hannatu ga Allah, kai da Iya kuka shigo motar haya tun da sassafe. Ka sa farar rigarka ta Kirsimeti. Ina tsaye a ƙofa na hango ku, na ji daɗi ƙwarai. Ka iso, ka sunkuya, ka tuɓe takalminka, ka jera shi jikin bango kamar kullum, ka shige.

Wasu ɗalibai biyu suka kalli juna suka ƙunshe dariya. Wata mata a bayana ta yi raɗa da Turancin buroka, wai ko tsohon nan ya yi ɓatan hanyar masallaci ne. Na dubi diddigenka masu faso suna tafiya a kan daɓen nan mai ƙyalli, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyarka na ji, Baba. Yau na faɗa da bakina.

Na ɗauki takalmin, na bi ka har layi na uku, a gaban jama'a na ajiye shi gabanka, na ce, “Baba, nan ba a yin haka.”

Ka ɗago ka dube ni, ba da fushi ba. Da fushi ka yi, da ya fi mini sauƙi. Ka zura ƙafafunka, ka gyara zama. Har aka tashi ban ji muryarka a waƙa ba, kai da ake jiyo ka daga bakin titi. Bayan sujada ka ci shinkafa a gidanmu, ka ɗora wa jaririya hannu ka sa mata albarka, ka ce cocinmu ya yi kyau. Ba ka sake taka shi ba. Shekara huɗu ina zuwa Samaru kusan kowane wata, muna hira a gindin darbejiya, ba ka tayar da zancen ba, ni ma na laɓe a bayan shirunka.

Sai bayan jana'izarka Iya ta gaya mini sauran labarin. Wai da kuka isa gida ranar, ko ruwa ba ka sha ba, ka tuɓe a ƙofar ɗaki, ka shiga ka durƙusa, ka daɗe. Kafin ka shiga ka ce mata, “Bari in yi sujadar yau, don ban samu yi ba.” Tun da na ji wannan magana take zaune a ƙirjina.

Yanzu ga abin da ya faru. Bara aka naɗa ni cikin dattawan ikilisiya. Kada ka yi saurin alfahari, ba don tsarkina ba ne. An buɗe sujadar Hausa ce da ƙarfe bakwai na safe, ana neman mai jin Hausa a cikin dattawa. Masu zuwa yawancinsu tsofaffi ne, masu gadi, da tsofaffin sojoji daga Basawa, da wasu mata daga Zabi. Kuma Baba, irinka ne. Da yawansu a ƙofa suke tuɓe takalmi.

Da aka shimfiɗa sabon jan kafet aka sa ƙofar gilashi, sai maganar ta taso a taron dattawa. Wai masu sujadar Turanci suna zuwa su tarar da tulin silifa a ƙofa, abin ba kyan gani, baƙi ma suna tambaya. Aka yanke cewa ko dai kowa ya shiga da takalminsa, ko a mayar da sujadar Hausa ajin yara na baya. Wanda ya fi ɗaukar zafi shi ne Mista Okeke, kafinta, maƙwabcina a Muchia. Ba zan zalunce shi ba. An taɓa ƙona masa shago a wani rikici, kuma har yau duk abin da ya yi masa kama da masallaci yana sosa masa tsohon ciwo. Ni kuwa ina zaune, ban ce uffan ba. Aka rubuta sanarwa aka miƙo mini in karanta wa tsofaffin, tunda ni ne mai Hausa.

Sati guda takardar tana aljihuna tana cizona. Na san tsofaffin nan ba za su yi gardama ba. Akwai wani Baba Gambo, tsohon soja, diddigensa kamar an ciro naka an sa masa. Na san zai ce to, ya zura takalminsa, ya zauna shiru. Daga nan ɗaya bayan ɗaya za su daina zuwa, kowa ya koma ɗakinsa ya rama sujadar da bai samu yi ba. Na san haka domin na taɓa gwadawa a kanka.

Ranar Lahadi na iso ƙofa, na ga silifa da takalman roba a jere jikin bango, sai na tsaya. Na sunkuya na kwance igiyar takalmina. Ashe safar da Saratu ta daɗe tana cewa in yar ce a ƙafata, babban yatsa ya leƙo waje yana gaida jama'a. Na tuɓe ta ita ma, na shiga da ƙafa.

Na karanta sanarwar aure, na karanta ta koyon waƙar mata. Da na zo kan takardar dattawa sai na ninke ta. Maimakonta na ba su labarinka, tun daga bakin rijiya har layi na uku. Da aka tashi, Baba Gambo ya riƙe hannuna ya ce, “Yaro, ai tun ranar ya yafe maka. Kai ne dai ba ka je ka karɓa ba.”

Dattawa sun kira ni, kuma sun sha mur. Suka ce na saɓa wa shawarar taro. Na amsa laifina, domin a taron ya kamata in yi magana, ba in yi shiru in je in yi gaban kaina ba. Amma na gaya musu ni ban ce kowa ya tuɓe ba. Saratu da takalminta mai tsini take shiga, ta ɗaga hannu sama tana waƙa har da hawaye, kuma na tabbata Allah yana jin ta. Mista Okeke in zai kai baiko, wato sadakar coci, da rawa yake fita, haka aka koya masa girmamawa a garinsu. Tsofaffin nan kuma tuɓe takalmi aka koya musu. Kowa ya zo da ladabin gidansu ya ajiye gaban Uba ɗaya. Ginin ƙasa ko mai kafet, bakin gona ko ƙuryar ɗaki, ban ga wanda Allah ya ce ba ya zuwa ba. Abin da ba mu da iko da shi shi ne mu ƙwace wa mutum ladabinsa a ƙofa, sannan mu ce ya shiga ya yi sujada.

Ba su ce sun yarda ba. Sai ƙarshen wata za su faɗi ko zan ci gaba da zama dattijo. Ko yaya ta kasance, hankalina kwance yake.

Amma ka ji wani abu. Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, sai ga Mista Okeke da katako da guduma. Ya kafa kanta mai hawa uku a gefen ƙofar coci, yana buga ƙusa yana mita da Hausarsa ta kasuwa, wai shi har yanzu bai yarda ba, amma idonsa ba ya iya kallon takalma a warwatse. Na yi masa godiya, ya ce in matsa in ba shi wuri.

Daga nan na hau acaɓa na shiga mota zuwa Samaru. Na tambayi Iya takalminka. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta sunkuya ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon zane. Na zauna bakin rijiya na wanke shi da soso da sabulu.

Jiya Lahadi, kafin kowa ya iso, na ɗora shi a hawa na farko, na ajiye nawa kusa da shi. Shekara takwas ke nan da na ɗauke shi daga inda ka ajiye, Baba. Na mayar. Ka gafarce ni. Ka shiga yadda ka saba, nan ma ana yin haka.

Allah na salama ya ƙara maka hutu a gabansa. Ya riƙe mana Iya, ya ba dattawanmu hikima, ya warkar da ciwon da ke zuciyar Mista Okeke. Ya koya mini ladabinka, har ranar da zan iso ƙofar da ka riga ni shiga, in tuɓe a inda ka tuɓe. A cikin sunan Yesu, amin.

Ni ne ɗanka mai kewarka,
Ɗanjuma