Wa Ke Yi Wa Mai Kare Jaje?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, a makwancinta na Gangara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina sanar da ke cikin ladabi cewa ɗanki Idi, wanda kika kai lakol, makarantar boko, don ya zama mutum, ya jira sai da furfura ta cika masa gemu sannan ya zama mai kiwon kare. Na ga ya fi kyau ki ji daga bakina, kada wani ya riga ni zuwa ya ba ki labarin da ƙari.

Ranar kasuwar Agiye na tsinci wata 'yar kwikwiya, cikin kwalin sabulu a bayan rumfar mahauta. Kin san halinmu. In karya ta haihu, sai a ɗebe mazan don farauta da gadin gona, matan kuma a kai su inda ba mai gani. Ja ce, da ɗan fari a ƙirji, idonta bai daɗe da buɗewa ba. Na tsaya ne kawai in ga abin da ke motsi. Har yau ban san yadda kwalin ya hau bayan moto, wato babur ɗina, ba.

Surukarki Rabi ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce mazan kirki zabi suke kawowa daga kasuwa. Ta kafa doka: ba shiga ɗaki, ba kusantar buta. Washegari na same ta tana dama wa kwikwiyar kunu da nono, tana fifita shi don ya huce.

A nan na tuna da ke, Inna. Kowace yamma kina kankare ƙanzon tukunya, ki jiƙa, ki zuba a fasasshen kasko bayan danga saboda karnukan da ba su da ubangida. Amma in ɗaya ya leƙo tsakar gida, da muciya kike bin sa. Kina cewa, "Mai baki ba ya kwana da yunwa a bayan gidana." Ban taɓa tambayarki ba: tausayinsu kike ji, ko tsoron Allah? In tausayi ne, me ya hana ki ko sau ɗaya ki shafa kan ɗayansu? Ko dai kin san abin da shafawar ke jawowa ne?

Bayan an gama kaka ta fara ƙin abinci. Sai amai, sai zawo mai jini. Na naɗe ta a tsohon rawani na kai ta wurin likitan dabbobi. Na bi layi tsakanin masu raguna da wani Bafulatani mai maraƙi, kowa yana tattare rigarsa yana matsawa. Likitan ya ce ciwon 'yan kwikwiyo ne, rigakafi ake yi musu tun da wuri, kuma da wuya mai irin wannan zawon ya tashi. Ya yi mata allura, ya ce in riƙa ɗura mata ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan.

Na ɗura, Rabi ta ɗura. Takan haɗiye don ta faranta mana, sannan ta mayar. Da hantsi ta ja jiki ta zo gindin dalbejiya inda nake zaune, ta ɗora haɓa a kan takalmina. Na daɗe ban motsa ƙafar ba, ina zaton barci take.

Kin san yadda ake yi da mushen kare: igiya a ƙafa, a ja shi zuwa bola. Na ɗauko igiyar na kasa. Na haƙa rami a gefen gona, na rufe ta, na tsaya kamar wanda ya manta karatu. Me ake cewa a nan, Inna?

Kaskonki yanzu a bayan dangata yake, ko in ce ɗan'uwansa. Samari sun tafi cin rani, sun bar karnukan da suka yi musu gadin gero duk damina. Su ne ke zuwa, haƙarƙari a waje. Ina zuba musu, ba na shafa kowa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in akuyar mutum ta mutu, har gida ake zuwa a yi masa jaje. Na ce wa Rabi duk garin nan ba wanda zai tako ƙofarmu saboda kare. Jiya bayan la'asar sai ga ladaninmu, tsohon da ya fi kowa ƙorafin karnukan da nake tarawa a hanyar masallaci. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin zaure, ya yi gyaran murya, ya ce ya ji baƙuwata ta tafi, Allah ya ba ni haƙuri. Ya ajiye ƙullin ƙanzo a ƙasa ya wuce da sauri.

Ashe ban san mutanen garina ba, Inna. Na yi kuskure.

Allah ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke kamar yadda kika ciyar da marasa gata.

Ɗanki,
Idi, daga Agiye.