Tirelata tana tsaye, ɗana yana tuƙa wa wani

Malama Firisila, don Allah ki taimake ni da shawara. Matata ta gaji da jin bakina. Fasto ya ce in yi addu'a, na yi, ɗan nawa dai bai dawo ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna, firamare na bari a tsakiya, har yau ba malamin da ya zo nemana. Amma da guntun ilimin nan na sayi a-kori-kura da 'yar tirelar da nake ɗaura mata a baya. Ina kai wa manoman dankali na Naraguta injin huɗa, in kwaso musu buhuna zuwa kasuwa. Da ita na yi wa ɗana Gyang aure, shi ne kuma direbana tun da idona ya fara gardama.

To, ni mutum ne mai tsafta. Da damina in tirela ta sha laka, sai in sa a yi ribas da ita cikin kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, ta yi wanka har wuya, kowa ma haka yake yi. Sai birkinta ya fara kuka kamar an taka akuya. Na kwance, na ɗura masa baƙin mai, kuka ya tsaya cak. Na ce kai, ga injiniya an bari a banza. Ƙofar baya kuma, wadda ake kwantarwa inji ya hau ta kanta, tsatsa ta cinye sakatarta, na ɗaure da robar tsohon tiyub.

Kwanan baya muna kan Titin Bauchi da kaya, Gyang ya taka birki, tirela ta ce ba da ita ake ba. Ta yi ta tura mu har teburin wata mai tumatur. Ba wanda ya mutu sai tumatur. Gyang ya zagaya ya duba baya ke nan, roba ta tsinke, ƙofa ta sauka a kan ƙafarsa. A gaban jama'a ya ajiye mini makulli a kan bonet, ya ja ƙafarsa ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu yana ɗingishi yana tuƙa wa Oga Ademola motar ruwan leda. Matarsa Ugomma ta daina aiko mini da miya, jikokina in sun matsa kusa da tirelar sai ta ƙwala musu kira kamar ta ga kura. Ta bakin uwarsa na ji wai ba zai ƙara shiga motata ba sai makanike ya duba ta. Wato hannun da ya ciyar da shi bai isa ba ke nan. Ga tonon dankali ya zo, tirela na tsaye, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ni ne zan je in durƙusa wa ɗan da na haifa?

Baban Gyang, Kwararafa.

Baba, na yi dariya, amma da na zo kan ƙafar Gyang sai na daina.

Kana da taka gaskiyar. Ya kamata ya zo gida ya faɗa maka da bakinsa, ba ta bakin uwarsa ba. Sai dai ka tuna shi ne a kan sitiyari lokacin da kaya ke tura shi cikin mutane. Da abin ya ritsa da matar nan, shi za a kama.

Baƙin mai bai gyara birkin ba, kashe shi ya yi. Fatar da ke damƙe taya daga ciki in ta sha mai ba ta ƙara kamawa, sai an canja ta an wanke wurin tas. Shiga kududdufi kuma shi ke sa tsatsa, ya wanke giris ɗin boris da taya ke juyawa a kai. A riƙa wanki da bokiti. Ƙofar a sa mata sabuwar sakata ta ƙarfe, a shafa giris a mahaɗinta. In tana da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke taimaka wa ɗaga ta, kada ka taɓa shi da kanka, yana iya karya hannu. Mai sauke ta ya tsaya a gefe, kuma kafin a yi lodi a gwada birki a fili, a duba sarƙar da ke riƙe tirela.

Ba durƙuso zai kai ka ba. Ka je ka duba ƙafarsa, don ban ga inda ka ce ka je ba, kuma ranar ka bar barkwanci a gida. Ka ce ya zaɓi makaniken da ya yarda da shi, ku je tare. Yaron da ya gindaya sharaɗi yana son dawowa ne.

Allah ya ba shi lafiya, ya daidaita tsakaninku.